Hulunan da Ba a Zo Karɓa Ba

Ranar da aka binne Alhaji Hamza, hulunansa huɗu suna shanye a ƙofar gidansa. Goni ne ya wanke su. Da aka fito da makara sai da masu ɗauka suka ratse don kada su taka su.

Shekara biyar ke nan da Alhaji Hamza ya ba Goni da matarsa Kaltume ɗakin da ke jikin soron gidansa a Sheshe. Daga Baga suka gudo, suka yi wata takwas a sansanin 'yan gudun hijira a Maiduguri, sannan suka hau motar Kano. Ba su haɗa dangi da Alhaji ba. Kakan Alhaji ne ya zo daga Kukawa da fatauci, kuma abin da ya rage wa gidan na Barebari bai wuce turaren wuta da gaisuwa ɗaya ba. Amma da Alhaji ya ji harshen Goni a masallaci, sai ya tambaye shi inda yake kwana. Washegari ya sa aka kwashe buhunan da ke ɗakin. Ba a rubuta komai ba. Maganar Alhaji ce kawai, ga shi mai maganar yana ƙasa.

Kaltume ce ta fara faɗa, bayan an dawo daga maƙabarta.

"Malam, yanzu ɗakin nan na wane ne?"

"Na Allah."

"Na sani. A cikin bayinsa fa?"

Dukansu sun san Ɗahiru, babban ɗan Alhaji mai sayar da yadi, ya daɗe yana cewa ɗakin zai yi kyau da shago.

Wankin hula ce sana'ar Goni, ita ya gada, ita ya yi a Baga. Sunan Goni na kakansa ne, shi karatunsa bai wuce izu biyar ba. Yakan jiƙa hula, ya goge ta da buroshi, ya sa mata ƙaro, ya kifa ta a kan guntun itacen da aka sassaƙa kamar kan mutum, ya jera a rana. Ba ya rubuta suna a ciki. Kai yake ganewa. Wannan mai faɗin goshi ne, wannan gumi na cin hularsa ta hagu, wannan man da yake shafawa ba ya fita sai da ruwan zafi. Bai taɓa ba wani hular wani ba.

Da aka sa dokar kulle saboda korona, azumi saura 'yan kwanaki, hula sittin da 'yan kai ne a hannunsa. Dattawan unguwa sun kawo da wuri don Sallah. Ya wanke su duka. Ba wanda ya zo karɓa. Sannan dattawan suka fara mutuwa.

Wasu suka ce zafi ne. Wasu suka ce cutar ce. Wasu suka ce kada a ce komai. Zazzaɓi kwana biyu, tari, shi ke nan. Da hantsi a ji salati daga wani gida, kafin azahar makara ta wuce. A mako guda lungunsu ya yi jana'iza shida. Alhaji Hamza ne na uku.

Bayan sadakar uku Goni ya zura hulunan Alhaji cikin juna, ya sa a baƙar leda, ya ba Kaltume ta kai wa Hajiya Kulu, matar marigayin. Kaltume ta dawo ta ce Hajiya ta rungume su ta sa masa albarka. Daga nan ya mai da shi aiki. Duk dattijon da ya rasu, in an yi kwana uku, Goni ya ɗauki leda ya bi ta lungu, inda motar jami'an tsaro ba ta shiga, ya yi sallama, ya yi ta'aziyya, ya miƙa. Ana yi masa godiya. Wata tsohuwa a Shahuci har ta ce ba ta san akwai sauran masu amana irinsa ba.

Sauran hulunan kuwa kullum sai ya fito da su ya jera.

"Sun bushe tun makon jiya," in ji Kaltume.

"Ɗakin na da raɓa."

"A wannan zafin?"

Ba raɓa ba ce. Yana so duk wanda ya leƙo ya ga mai wankin hula yana nan, yana da aiki a unguwar. Amma da rana ta take, lungu ya yi tsit, ba mai talla, ba babur, sai shi da sahun huluna a kan itatuwansu, kamar mutane sun zauna suna jiran liman. Yakan bi su da ido ɗaya bayan ɗaya yana kiran sunayen masu su a zuci. Ranar biyar ga azumi, da ya kai ƙarshen sahu, ya ga wata koriya.

Bai karɓi koriyar hula a Kano ba. Ya san ta dai. Ta Ba Ari ce, mai kifi a Baga, mai ƙaramin kai, wanda kullum yake cewa ƙaron ya yi yawa.

Ya kira Kaltume. Ta fito tana goge hannu.

"Ƙarshen can, me kika gani?"

"Itace. Ba komai a kansa."

Ya sake dubawa. Itace ne.

"Yunwa ce," in ji ta. "Shigo inuwa."

Ta san labarin, ba sai ya maimaita ba. Ranar da mahara suka shigo Baga, hula talatin da ɗaya ya jera a ƙofar shagonsa. Da harbi ya iso unguwarsu ya ja hannunta suka yi daji. Sau ɗaya ya waiwaya. Gidansu bai gani ba, hayaƙi ya rufe shi. Hulunan ya gani, a jere, ba wadda ta faɗi. Ya san mai kowace ɗaya. A shekara biyar, mutum biyu kawai ya ji labarin suna raye.

Daga ranar koriyar takan dawo. Ba kullum ba. Wata rana takan zo da wata, fara mai baƙin zare, ta limaminsu. Goni ya daina kiran Kaltume.

A tsakiyar azumi zazzaɓi ya kama shi. Kwana biyu yana kwance yana kallon hulunan da ke jibge a jikin bango. Kaltume ta dafa masa ganyen darbejiya, ta toshe bakin ƙofa da zane don kada a ji tarinsa a cikin gida. Rana ta uku ya tashi. Ya fara ware hulunan gida-gida, yana sawa a leda.

"Wa ya rasu kuma?" in ji ta.

"Ba kowa. Duka zan mayar. Da na tafi shekaranjiya, wa zai san ta wane ce wannan? Ke kin sani?"

"Malam, mai rai shi yake zuwa karɓar hularsa."

"In an bar shi ya fito."

"Ka san abin da mata ke cewa a bakin famfo? Sun ce in an gan ka da baƙar leda, sai dai a tambayi gidan wa aka yi rashi."

"Maganar mata."

"Matan ne ke buɗe ƙofa."

Ya ɗauki leda huɗu ya fita.

Gidan Alhaji Mikail ya fara zuwa, a Shahuci. Bafulatani ne, tsohon dillalin fata, kuma tun ranar da ya gane Goni Babarbare ne bai ƙara kiransa da suna ba. Yana kishingiɗe a soro da rediyo a gefensa. 'Yarsa Sa'ida, wadda kulle ya rutsa da ita a gida da 'ya'yanta, tana tsaye a bakin ƙofar ciki.

"Kai, bawana! Wa ya kwance ka ana kulle?"

"Bafulatani ina ya san doka, in ba ta saniya ba. Kayanka na kawo."

Alhaji ya dubi ledar. Dariyarsa ta tsaya kaɗan, sannan ta dawo da ƙarfi.

"Ashe layi ya zo kaina. To ka ba ni kwana biyu in yi aski, kada a kai ni da wannan sumar."

"Baba, don Allah ka daina," in ji Sa'ida.

"Ƙyale ni, ni da bawana ne. Babarbare ko ɗaukar rai aka aiko shi sai ya ɓata hanya."

"In ni aka aiko, da shanunka zan fara," in ji Goni. "Su ne ranka."

Alhaji ya ciro hularsa damanga mai ruwan toka, ya ɗora, ya karkata ta gefe.

"Ta yi. Wannan karon ba ka cika ƙaro ba. Sa'ida, kin ga angon Sallah?"

Sa'ida ba ta dubi hular ba. Goni take kallo.

A gida na biyu an karɓa ba a ce komai ba. A na uku ba a buɗe ba. A na huɗu wata mata ta ɗaga murya daga ciki: "Maigidan lafiyarsa ƙalau! Ka koma da ita!" Ya tsaya yana bayani ga ƙyauren ƙofa.

Kwana huɗu bayan haka Alhaji Mikail ya rasu.

Goni ya je jana'iza. Da ya shiga sahu, na damansa ya matsa, na hagunsa ya matsa, fiye da tazarar da aka ce a bari. Kafin la'asar maganar askin ta gama zaga Shahuci ta shigo Sheshe. A bakin wasu Alhaji ya roƙi kwana biyu an ba shi huɗu. A bakin wasu cutar a jikin hulunan take, tunda duka a ruwa ɗaya ake wanke su. Wani ya tuna cewa mutumin nan daga garin da aka ƙare da mutuwa ya fito, kuma shi bai mutu ba.

Ba wanda ya zage shi. Kwanon kunu da ƙosai da maƙwabta biyu suke aiko musu da shan ruwa ne ya daina zuwa. Kaltume ta je famfo, matan suka ba ta wuri ta ɗiba ita kaɗai. Masallaci a rufe yake, babu inda Goni zai tsaya bayan salla ya faɗi nasa.

Ɗahiru ya zo da safe, da takunkumi a fuska, ya tsaya nesa da sahun hulunan.

"Baba Goni, ina kwana."

"Lafiya lau, Alhaji ƙarami. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya." Ya gyara takunkumin. "Ni ban yarda da camfi ba, ka sani. Amma sau uku ana zuwa mini. Jiya har da surukina. Sun ce ko dai a yi wani abu, ko su yi da kansu. Ni fitina nake gudu, ga Hajiya tana takaba."

"Hula na mayar wa mai ita."

"Na sani. In an yi Sallah ku nemi wani wurin. Zan taimaka da mota."

Ya tafi. Kaltume tana bayan labule, ta ji duka. Ba ta yi kuka ba. Ta fito ta tsaya a kansa.

"Na ɗora kaya a kai daga Baga. Na ɗora daga Maiduguri. Wuyana ya gama. In ka ga an fitar da ni daga ɗakin nan, a makara ne."

"Kaltume."

"Saboda hula, Malam. Hular mutanen da ba su tambaye ka ba."

Ta yafa mayafi ta shiga cikin gida. Ta daɗe. Da ta fito ta ce Hajiya na kira, shi da Ɗahiru.

Hajiya Kulu ba ta fito ba, tana takaba. Ta zauna a bayan ƙofar da ta raba soro da tsakar gida, muryarta kawai ake ji. Ɗahiru ya tsuguna a gefe ɗaya, Goni a ɗaya gefen, Kaltume a bakin ƙofa.

"Wushe, Goni."

"Wushe, Hajiya."

"Iyakar Barbarcina ke nan, sauran mu yi da Hausa. Me ya kai ka gidan mai rai da leda?"

Ya gaya mata. Bai tsawaita ba. Ya faɗi zazzaɓin, ya faɗi talatin da ɗaya na Baga. Bai faɗi koriyar ba.

"Har yanzu kana tuna masu su?"

"Duka."

Can cikin gida wani yana jan ruwa a rijiya, ana jin guga na bugun bango.

"Ɗahiru."

"Na'am, Hajiya."

"Na ji Alhaji ya ce su zauna. Ban ji ya ce su tashi ba. Ko kai ka ji?"

"A'a, Hajiya. Amma mutane—"

"Mutanen nan na san ranar sunan rabinsu. In an zo rabon gado, a sa ɗakin a cikin tumunina. Ka gaya wa surukinka haka. In yana da magana ya jira in fita takaba."

Ɗahiru ya sunkuyar da kai. Kaltume ta fara godiya, Hajiya ta katse ta.

"Ban gama ba. Goni, ba ka ƙara kai hula gidan kowa. Ko mai rai, ko mamaci. Ba ka ƙara jera waɗannan a ƙofar gidana, ni ma in na tuna suna can sai gabana ya faɗi. Kuma bakinka ba ya ƙara haɗa hula da mutuwa a gaban kowa. Wanda ya zo karɓa ka ba shi. Wanda bai zo ba, bai zo ba."

"Hajiya, amana ce."

"Na sani. Su ma tsoronsu ba ƙarya ba ne. Sa'idar Alhaji Mikail ta yi kwana biyu ba ta magana. Ni abin da zan iya riƙewa ke nan. In ka sake fita da leda, ba ni da bakin da zan tare maka."

"Akwai na Malam Ashafa guda uku. Shekaranjiya aka yi sadakar ukunsa. Matarsa ba ta ma san—"

"Goni. Ɗakin, ko ledar?"

Bai dubi Kaltume ba. Yana jin numfashinta.

"Na ji, Hajiya."

"Ka ji, ko ka yarda?"

"Na yarda."

A ranar ya kwashe su. Arba'in da uku ne. Ya kafa ƙusoshi a bango ya ɗaura igiya biyu, ya rataye su a leda-leda, kowane gida da tasa, a saman inda suke shimfiɗa tabarma. Ɗakin ba shi da wani wurin.

Aka yi Sallah. Aka sassauta kulle, aka buɗe masallatai, makara ta rage wucewa. Wasu suka zo karɓa, suna tsayawa daga bakin soro, suna miƙo hannu ba sa haɗa ido. Da yawa ba su zo ba. Masu rai suka sayi sababbi, suka kai wanki wani wurin. Magadan mamata kuwa wasu ba su san da hulunan ba, wasu sun sani. Ɗan Malam Ashafa yana wucewa ta ƙofar kullum zai tafi kasuwa. Goni yakan amsa sallamarsa, ya bi ƙeyarsa da kallo. Irin kan ubansa ne.

Ashirin da shida suka rage. Ba zai sayar ba, ba zai bayar ba, ba zai sa ba. Da damina ta sauka yakan sauko da su ranar Juma'a, ya rufe ƙofa, ya goge musu fumfuna, ya mayar. Kwanon maƙwabta ɗaya ya dawo, ɗayan bai dawo ba. Kaltume ta koma saƙa hula tana kai wa wani mai shago a kasuwar Kurmi, da shi suke ci. Ta sa an yi wa ɗakin sabon daɓe.

Wata Talata, bayan ruwa ya ɗauke, wani mutum ya tsaya da keke a ƙofar soro. Dattijo ne, ba ɗan unguwar ba. Ya ce daga Gwammaja yake, mai wankin hularsu ya rasu a azumi, an ce masa akwai wani Babarbare a Sheshe da ya iya. Ya cire hular kansa ya miƙo, zanna ce mai ruwan ƙasa, ta ci gumi. Ya juya ya yi tari, dogo, har ya dafa keken.

Goni ya riƙe hular. Ya dubi kan mutumin, dogo mai ɗan tudu a baya, furfura ta cinye gefe.

"Malam, sunanka?"

"Mamman."

"A Gwammaja ta ina?"

"Bayan masallacin Juma'a. Me ya faru, sai an cika takarda?"

"A'a. Ina nufin, in ya zamana ba ka—"

A bayan labule Kaltume ta ajiye kwano a ƙasa, da ƙarfi.

"In ban me ba?" in ji mutumin.

"In ba ka son ƙaro da yawa."

"Sa daidai. Yaushe zan dawo?"

"Jibi."

"In Allah ya kai mu."

Ya hau kekensa ya tafi, kai ba hula. Goni ya tsaya har ya sha kwana. Sannan ya shiga ya ce wa Kaltume ta ɗora ruwan zafi.